Daga Katako zuwa Tawa da madubi biyu a jaka

A Yamai, duk mai neman katako, kwano, ƙarfen gini ko gilashi, Kasuwar Katako yake nufa, kuma can tafiyar nan ta fara tun kafin in shiga mota. Abin da ya kai ni bai taka kara ya karya ba: madubi biyu, kowanne faɗinsa santimita 20, tsayinsa 15, kaurin gilashin milimita 3. Da su zan je Tawa, inda wani abokin aiki mai koyar da kimiyya a lise, wato babbar sakandare, ya ce darasin haske yana ba ɗalibansa wuya, sun haddace ƙa'ida amma idan aka ajiye musu madubi a gaba sai lissafi ya ƙi fita.

Mai yankan gilashin ya shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur, ya kwantar da madubin fuskarsa sama. Ta fuskar gilashi ake yanka, ba ta bayan da ke da fenti ba. Ya tsoma bakin abin yankan, mai ɗan ƙaramin taya, cikin kananzir, ya danne sandar awo, ya ja layi ɗaya daga gefe zuwa gefe ba tare da ya ɗaga hannu ba. Sau ɗaya ake ja. Wanda ya maimaita layi yana dakusar da tayar, kuma tsagin yakan bar hanya ya bi inda ya ga dama. Daga nan ya sa siririn itace a ƙarƙashin layin, ya danna ɓangarorin biyu, sai ji kake ƙas. Na roƙe shi ya goge kaifin gefuna da takardar yashi jiƙaƙƙiya, ban da gefen da za a haɗa, wanda na ce a shafa shi kaɗan kawai, domin duk abin da aka cinye a wurin zai fito a matsayin baƙin layi a tsakiyar hotuna.

Dalilin zaɓen milimita 3 shi ne, abin da ke mayar da haske a madubin gida yana bayan gilashi, ba a fuskarsa ba. Idan ka ɗora bakin fensir a kan madubi za ka ga bai taɓa hotonsa ba. A gilashin milimita 3 tazarar takan kai milimita 4, a na milimita 6 takan kai 8. A madubin wanka wannan ba komai ba ne. A madubi biyu da aka haɗa baki da baki kuwa, wannan tazara ce ke zama rami a mahaɗa, kuma ana ninka ta sau adadin hotunan.

Wajen haɗawa mutane da yawa suna kuskure. Sukan kifa maduban a tebur gefe da gefe, su manna sikoci, wato tef mai danƙo, a baya. Da zarar an zo naɗewa sai bakunan gilashi su ci juna, ko dai sikocin ya yage ko gefen ya ɓantare. Yadda ake yi shi ne a fara haɗa su fuska da fuska, kamar an rufe littafi, sannan a naɗe gefe ɗaya da sikoci mai ƙyalle daga bayan wannan zuwa bayan wancan. Haka zai buɗe ya rufe lafiya. Na sa takarda tsakanin fuskokin, na naɗe da kwali, na cusa tsakiyar tufafi.

Motocin Tawa kafin asuba suke tashi. Tafiyar ta kai wajen kilomita 550. An wuce Kure, ƙasar raƙuman dawa, da sauran duhu, gari ya waye mana kafin Doso. Daga Dogon Dutsi Hausa ta karɓe bakin masu talla a tagar mota. A Birnin Kwanni aka tsaya salla da cin abinci, sannan a Tsarnawa muka bar hanyar Maraɗi muka yi arewa. Daga nan ƙasa ta sake kama: tsakuwa ja, faƙo, tuddai masu shafaffen kai, sai kwari mai ɗan kore inda ake noman albasa. Adar ke nan. Bayan Badagishiri hazon hunturu ya sauko har rana ta koma kamar faranti, muka shiga Tawa da la'asar sakaliya.

Da dare a ƙofar gidan mai masaukina akwai fada, samari biyar da butar shayi a kan gawayi. Nan muka fara, tun kafin aji. An kawo ƙaramin tebur, na tsayar da maduban, na ɗauki kwalin ashana domin yana tsayuwa da kansa kuma yana da rubutu a jiki, wanda zai yi mana amfani. Ba mu da ma'aunin kusurwa, kuma ba a buƙatarsa. Wannan ne ya sa na ce a yanka faɗin santimita 20 cif. Tazarar da ke tsakanin bakunan maduban biyu na waje ita ce ke faɗa maka kusurwa. Idan ta zama santimita 20 daidai, digiri 60 ne, domin ɓangarori uku sun yi daidai da juna. Digiri 90 yana son santimita 28.3, digiri 120 yana son 34.6. Na 72 shi ne 23.5, na 45 shi ne 15.3, na 36 shi ne 12.4, na 30 kuma 10.4. A yanka tsinken tsintsiya ko kara daidai kowane tsawo, a dinga tokare bakin da shi. Ya fi ma'aunin roba na ƴan makaranta daidaito, domin wancan ƙarami ne, kuskuren digiri 2 ba ya wuya a kansa.

A digiri 90 aka ga kwali huɗu, na gaske ɗaya da hotuna 3. A 60 aka ga shida, wato hotuna 5. A 45 hotuna 7, a 36 hotuna 9, a 30 hotuna 11, ko da yake na can ƙurya sun dushe har sai da aka haska tocila. Wani saurayi da ya gama lise ya ce, "Mushe, ai wannan mun san shi. A raba 360 da kusurwa, a cire ɗaya." Gaskiyarsa. Sai dai ƙa'idar ba ta faɗa maka inda hotunan suke ba, ba ta faɗa maka me ya sa ake cire ɗaya ba, kuma akwai inda take yin ƙarya. Ni a ganina abin da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne da'ira, ba rabawa ba.

Madubi ɗaya abu guda yake yi: yana ajiye hoton abu a bayansa, nisan da abin yake a gabansa, a kan layin da ya sauka a miƙe. Saboda haka duk wani wuri a jikin madubin, nisansa da abin daidai yake da nisansa da hoton. Mahaɗa kuwa tana jikin maduban biyu a lokaci guda. Ke nan idan kwalin ashana yana santimita 10 daga mahaɗa, hotonsa na madubin dama yana santimita 10 daga mahaɗa, na hagu ma haka. Hoton da ke bayan madubin dama, in dai yana gaban fuskar madubin hagu, to madubin hagu yana ɗaukarsa kamar abu na gaske ya yi masa nasa hoton, shi ma a santimita 10. Haka ake ta miƙa wa juna, duka a kan da'ira ɗaya wadda cibiyarta ita ce mahaɗa. Miƙa-miƙar tana tsayawa ne sa'ad da hoto ya faɗa can baya, wurin da yake bayan maduban biyu gaba ɗaya, babu mai ganinsa balle ya sake mayar da shi. Na zana rabin baka da alli a kan tebur tsakanin maduban, aka leƙa, sai ga da'ira cikakkiya ta rufe kanta, kwalayen suna zaune a kanta kamar mutane sun kewaye tuwo.

Su ma maduban suna yi wa juna hoto, shi ya sa da'irar take bayyana a yayyanke kamar kankana. A digiri 60 yanki shida ne, kowanne da kwalinsa. Ɗaya daga cikin yankunan shi ne na gaske, wanda hannunka zai iya shiga. Wannan ne ɗayan da ake cirewa.

Rubutun jikin kwalin ya nuna wani abu. Hotuna biyu na kusa, rubutunsu a juye yake, domin haske ya bugi madubi sau ɗaya kafin ya iso ido. Biyu na gaba da su ana karanta su sarai, domin bugu biyu ne, juyi na biyu ya warware na farko. Na can ƙarshe a digiri 60 bugu uku ne, ya koma a juye. Haka yankunan suke jere: daidai, juye, daidai, juye. Wannan jeri shi ne mabuɗin sauran maganar. Idan adadin yankuna yana rabuwa biyu ba saura, kamar 4, 6, 8 ko 12, jerin da ya bi ta dama da wanda ya bi ta hagu suna haɗuwa a yankin ƙarshe su faɗa kan juna daidai wa daida, hoto biyu su zama ɗaya. A nan ƙa'idar cire ɗaya ba ta kuskure, ko ina ka ajiye abin, ko ina ka tsaya. Idan kuwa adadin 3 ne ko 5 ko 9, jerin ba ya rufuwa. Wanda ya zo ta dama yana son yankin ƙarshe ya zama daidai, wanda ya zo ta hagu yana son ya zama juye.

Muka gwada da digiri 120. Kwali a tsakiya, ido a tsakiya: hotuna 2, ƙa'ida ta ci. Na matsar da kwalin kusa da madubin dama, kamar digiri 20 daga jikinsa, na ce wa saurayin ya koma ya kwantar da kansa kusa da madubin hagu ya dubi cikinsa. Ya ƙirga 3. Na ce ya dawo ɓangaren dama, kusa da kwalin. Ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Wallahi guda na, Mushe." Madubi bai motsa ba, kwali bai motsa ba, amma amsa ta zama 1, 2 ko 3 gwargwadon inda ido yake. Dalilin hoto ɗayan shi ne, kwali yana digiri 100 daga madubin hagu, ido yana digiri 90 daga gare shi, jimla ta haura 180, saboda haka wurin da hasken zai buga ya dawo ya faɗa bayan mahaɗa, inda babu madubi. A digiri 72 ma haka: abu a tsakiya hotuna 4, suna yin kusurwa biyar tare da na gaske. Abu a digiri 20 daga madubin dama, hotuna 5 ne, amma na biyar ɗin ba ya fitowa sai ido ya matso ƙasa da digiri 16 daga wannan madubin. Littattafan makaranta da yawa suna cewa "idan abin ba ya tsakiya ba a cire ɗaya", su yi shiru a kan ido. Ɗalibi ya gwada daga kujerarsa ya ga 4, ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Lahadi ita ce ranar kasuwar Tawa. Tun da safe hanyoyi sun cika da amalanke, Buzaye da rawunansu, Fulani da ƙoren nono, cuku a jere a kan tabarmi, gishiri da kanwa, buhunan albasa. Na shiga wurin wani mai aski a gefen kasuwa saboda abin da na hango daga ƙofa: madubi a bangon gabas, madubi a bangon yamma, suna kallon juna. Wannan ita ce kusurwar da ta ƙanƙance har ta ɓace, kuma a takarda hotunan ba su da iyaka. Ɗakin mita 3 ne, kujera tana mita 1 daga madubin gaba. Hoton farko yana mita 1 a bayan madubi, na biyu a mita 5, na uku a 7, sai 11, sai 13. Na farko fuska, na biyu ƙeya, na uku fuska, haka dai. Ba ka ganinsu idan ka dubi gaba sosai domin kanka ya tare su, sai ka ɗan karkata.

Na ƙirga ƙofofi goma sha wani abu kafin duhu ya cinye su. Abu biyu ne ke kashe su. Na farko, kowane bugu yana cin wani kaso na hasken. Ko da madubi yana mayar da kashi 90 cikin 100, bayan bugu 5 saura 59, bayan 10 saura 35, bayan 20 saura 12. Kuma hasken yana ratsa gilashi sau biyu a kowane bugu, shiga da fita, gilashin taga kuwa yana da ɗan ƙarfe a cikinsa wanda ke sa shi kore, kamar yadda ake gani idan aka dubi gefensa. Shi ya sa jerin hotunan, wanda yake kamar dogon rami, yake ƙara kore yana nisa. A hunturu ƙura ma tana da nata rabon, domin ƙwayar ƙura ɗaya tana tare hasken a kowane zagaye.

Na biyu, ramin nasa ba a miƙe yake ba, ya lanƙwasa sama kamar hanyar hawa tudu. Na ce wa mai askin, "Maigida, madubanka da ƙusa ɗaya aka rataye su?" Ya ce, "Haka na, Malam. Mi ka gani?" Madubin da aka rataye da igiya a ƙusa yakan sunkuyo ta sama. Idan biyun sun sunkuyo, sun zama madubi biyu masu kusurwa, mahaɗarsu tana can sama a iska, hotunan kuma dole su bi da'ira su kewaye ta. Ramin kullum yana karkata zuwa gefen da maduban suka fi kusa da juna. Digiri 1 kacal a ɗakin mita 3 yana ba da da'ira mai nisan wajen mita 172 daga cibiya, kuma kafin ɗaki na goma ramin ya kauce da fiye da mita 2 da rabi, ya fita daga abin da madubin zai iya nunawa. Gyaran ba wuya: a rataye zare da ɗan dutse a tsakiyar ɗaki, a dinga cusa kwali a bayan gindin madubi har hotunan zaren su jeru a layi ɗaya ba hawa ba sauka. Ya ce shi dai masu zuwa aski ba su taɓa kuka ba, ya bar abinsa.

Ƙaramin madubin da yake riƙewa a bayan kan mutum ya nuna masa ƙeya, shi ma bugu biyu ne. Daga ƙeya zuwa madubin hannu rabin mita, daga can zuwa na bango mita 1 da rabi, daga bango zuwa ido mita 1. Jimla mita 3. Shi ya sa mutum yake ganin ƙeyarsa ƙarama, kamar ta wani da ke tsaye nesa, kuma ƙaramin kuskuren aski ba ya fitowa sai an je gida.

Wurin tela na fi daɗewa. Yana da madubi biyu dogaye a lungun shago, an kafa su a bango biyu da suka haɗu, yana kukan cewa mata suna cewa madubin yana ɓata fuska. Na tsaya na dubi lungun, sai na ga hancina biyu, fuskata ta yi faɗi. Wannan shi ne gwajin digiri 90 mafi sauƙi da na sani, ya fi ma'aunin kafinta gani. Idan kusurwar ta cika 90, za ka ga fuska ɗaya cikakkiya, layin mahaɗa ya raba ta tsakiya. Idan ta gaza 90, tsakiyar fuska yana ninkuwa, hanci biyu, wani lokaci ido uku. Idan ta haura 90, tsakiyar yana ɓacewa, hanci ya tafi, idanu su matso su zama ɗaya. Nasa ta gaza. Muka sassauta gefen waje na madubi ɗaya, aka cire wani katako da aka cusa a bayansa, yaronsa yana turawa a hankali ni ina kallo, har hancin biyu suka haɗe.

Da telan ya tsaya a wurin ya ɗaga hannun dama, sai ya ja da baya. Hoton da ke lungu ya ɗaga hannun da ke ɗaya gefen, wato nasa hannun dama, kamar mutumin da ke fuskantarka. Rubutun rigar yaron ma ya karantu daidai. Wannan ne kamanninka yadda mutane suke ganinka, ba yadda ka saba ganin kanka ba, kuma ga tela yana da amfani: aljihu da aikin wuya suna fitowa a gefen da suke. Wahalarsa ɗaya, gyara hula a cikinsa sai an koya, hannu yakan tafi inda ba a aike shi ba.

Akwai ƙa'ida a ƙarƙashin wannan wadda ta fi ta ƙirga hotuna daraja. Bugu biyu a madubi biyu daidai yake da juya abu a kewayen mahaɗa da ninki biyu na kusurwar. A digiri 90 juyin 180 ne, shi ya sa hoton yake fuskantarka, shi ya sa kuma ko ina ka matsa yana bin ka yana nan a lungu. A digiri 45 juyin 90 ne, kuma da wannan aka yi wani ƙaramin kayan aikin masu awon fili da ke fitar da kusurwar digiri 90. Na nuna masa da nawa maduban: na tokare su a 90, na juya su tare a hankali a kan tebur, mahaɗa tana wuri ɗaya. Hotunan gefe biyu suka yi ta yawo, na tsakiya ko gezau.

Mai aikin surfani da ke zaune a bakin shagon shi ne ya ga amfanin abin tun kafin in faɗa. Ya karɓi maduban ya tsayar da su a kan wani ɗan zanen fure da ya fara a takarda, ya rage kusurwa, sai ga tauraro mai kai takwas ya fito daga reshe ɗaya. Ya buɗe kaɗan, ya koma shida. Kafin ya sa allura ya riga ya ga yadda aikin zai kasance. A kan wannan ne wani masani ɗan Sukotlan, David Brewster, ya ƙera bututun kallon ado wajen 1816 ya yi masa rajista a 1817, kuma shi ma ya lura cewa adon ba ya rufuwa da kyau sai adadin yankuna ya rabu biyu. Mai son yi wa yara irinsa, ya sa a yanka masa madubi uku, faɗin santimita 3.5, tsawon 20, ya haɗa su fuskoki ciki su yi kusurwa uku, ya naɗe da sikoci, ya zura cikin bututun roba na ruwa mai faɗin milimita 50. A ƙarshen bututun a sa farar roba biyu da tazarar santimita 1, a zuba ƴan duwatsun ado da gutsattsarin leda mai launi, kada a cika, domin sai suna motsi. Idan faɗin maduban uku bai zo daidai ba, kusurwoyin ba za su zama 60 ba, adon zai fito a karye a kowane layi.

Can cikin kasuwa, wurin maƙeran azurfa, wani ya jera zobba da irin sarƙoƙin nan na Buzaye, har da mai siffar da ake kira ta Tawa, a cikin akwatin gilashi mai madubi a ƙasa, a baya da gefe ɗaya. Madubi uku ke nan, kowanne yana digiri 90 da sauran biyun. Zobe ɗaya yana zama takwas: uku na bugu ɗaya, uku na bugu biyu, ɗaya na bugu uku, da na gaske. Kayan da ba su fi cikin tafin hannu biyu ba sun cika akwati. Ban ga laifinsa ba, kasuwa ce. Idan ka rufe ido ɗaya ka dubi ƙuryar da maduban uku suka haɗu, za ka ga tana zaune daidai kan ƙwayar idonka, kuma duk inda ka matsa tana nan. Dalili shi ne irin wannan lungu yana mayar da haske ta hanyar da ya fito, ko ta ina ya shigo.

Zaman aji na ranar Litinin bai ɗauki awa biyu ba. Abin da ya fi ɓata gwajin ɗalibai shi ne teburan da suka karkace: idan mahaɗa ba ta tsaya a miƙe ba, da'irar ma tana karkata, hotunan baya su yi kamar sun nutse cikin tebur ko sun tashi sama. Sai kuma masu amfani da kyandir, waɗanda suka yi ta ƙirga harshen wuta fiye da kima. Fuskar gilashi ita kanta tana mayar da wajen kashi 4 cikin 100 na haske, fiye da haka ma idan aka duba ta gefe, saboda haka kowane harshen wuta yana da raunanan ƴan rakiya a jikinsa. Ba a ƙirga su. Kwalin ashana ko marfin biro ba ya kawo wannan ruɗani. Maduban na bar su a can.

Motar komawa ita ma kafin asuba ta tashi. Tsakanin Tawa da Badagishiri fitilarmu ta faɗa kan bayan wata babbar mota da ta lalace a gefen kwalta, ba ta da wuta ko ɗaya, amma jajayen robobin bayanta suka ƙyalla tun daga nesa har direba ya kauce. Idan ka fasa irin robar nan ka duba bayanta, ƙananan lunguna ne ɗaruruwa, kowanne bango uku a miƙe da juna, irin akwatin maƙerin azurfa. Suna mayar da hasken fitila wajen motar da ta aiko shi, shi ya sa direba yake ganinsu da ƙarfi, mutumin da ke tsaye a gefen daji kuwa da ƙyar. Irin waɗannan lunguna guda 100 ƴan sama jannatin Amurka na Apollo 11 suka ajiye a kan wata a 1969, kuma har yanzu ana harba musu haske daga ƙasa, ya je ya dawo cikin daƙiƙa 2 da rabi, a auna nisan. Yaron mota ya ce robar hagu ta waccan motar ta fashe, laka ta shiga, shi ya sa ɗaya ce kawai ta yi haske sosai. A Tsarnawa aka tsaya sallar asuba.